Fashin Teku da Igwogin Turawa a Gaɓar Doha

Birnin Doha, hedikwatar ƙasar Katar, ya fara bayyana a takardun gwamnatin Ingila ne a farkon ƙarni na goma sha tara a matsayin ƙaramin gari na masu nutso neman lu'ulu'u, kuma kafin ƙarnin ya kai rabi jiragen yaƙin Turawan Ingila sun yi wa wurin ruwan igwa har sau biyu, a shekarar 1821 da ta 1841, duka biyun bisa zargin cewa mutanen garin suna fashin teku ko suna ba masu yinsa mafaka. Garin da ya fi suna a wannan gaɓa a lokacin shi ne Bidda, wanda Doha ta tsiro a gefensa har daga baya ta haɗiye shi ya zama unguwa a cikinta, saboda haka abin da tsofaffin takardu suka faɗa game da Bidda tarihin Doha ne. Wanda ya tsaya ga waɗannan takardu kaɗai zai ɗauka Larabawan gaɓa ne suka cika Tekun Fasha da fashi, Turawa kuma suka zo da doka domin su kawar da shi. Amma idan aka koma baya shekara ɗari uku za a tarar cewa mafi munin fashin da aka yi wa jiragen fatake da na mahajjata a Tekun Indiya jiragen Turai ne suka yi shi, sau da yawa da takardar izinin sarakunansu a hannu.

Zamanin da ake magana a kansa shi ne na jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye, wato filafilai, a kan dogayen itatuwa domin iska ta tura su, kuma ya kama daga ƙarshen ƙarni na goma sha biyar zuwa tsakiyar na goma sha tara, lokacin da jirage masu injin tururi suka karɓe teku. Dokokin Turai na wannan zamani sun raba masu ƙwace a teku gida biyu. Akwai ɗan fashi zalla, wanda yake tare kowane jirgi don amfanin kansa, hukuncinsa kuwa rataya ne. Akwai kuma mai lasisi, wato mai jirgin kansa da sarki ya ba takarda ya ƙwace jiragen ƙasar da ake gaba da ita, bisa sharaɗin ya kawo ganimar gaban kotu a fitar wa gwamnati da kasonta. Aikin biyun iri ɗaya ne a idon wanda aka tare, kuma mutum ɗaya yakan tsallaka daga wannan gida zuwa wancan gwargwadon yadda siyasa ta juya. Francis Drake, wanda ya washe jiragen Sifen a tafiyarsa ta kewaya duniya daga 1577 zuwa 1580, Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta karɓi rabonta na dukiyar, ta kuma ba shi sarautar girmamawa a 1581. Henry Morgan ya ci birnin Panama da yaƙi a 1671, bayan 'yan shekaru aka mai da shi mataimakin gwamnan Jamaika.

Turawan Fotugal ne suka fara kawo wannan ɗabi'a gabas. Kafin Vasco da Gama ya iso Kalikut a 1498, Larabawa da Farisawa da Indiyawa da mutanen gaɓar gabashin Afirka sun shafe ƙarnoni suna fatauci a Tekun Indiya, suna bin iskar da take kaɗawa gefe ɗaya rabin shekara ta juyo a ɗaya rabin, kuma ko da yake ba a rasa ɓarayin teku ba, babu daular da ta ce tekun gaba ɗaya mallakarta ne. A tafiyarsa ta biyu, a 1502, da Gama ya tare wani jirgi mai suna Miri a kusa da gaɓar Malabar yana ɗauke da ɗaruruwan mutane masu dawowa daga Makka, har da mata da yara, ya kwashe dukiyar da ke ciki, sannan ya sa aka cinna masa wuta da mutanen a ciki. A 1507 Afonso de Albuquerque ya bi gaɓar Oman yana ƙone garuruwa, ciki har da Maskat da Khor Fakkan, kuma littafin tarihinsa da ɗansa ya tsara bai ɓoye cewa an yanke wa fursunoni hanci da kunnuwa ba. A 1515 ya kammala kama tsibirin Hurmuz, wanda ke bakin mashigin Tekun Fasha, a 1521 kuma Turawan Fotugal suka ci Baharain, maƙwabciyar Katar, inda sarkinta Muƙrin bin Zamil ya rasa ransa. Daga nan suka ƙaƙaba wa kowa takardar wucewa da suke kira kartaz: duk jirgin ɗan ƙasa da aka samu a teku babu ita halal ne a ƙwace shi, wanda ya karɓe ta kuma dole ya ratsa ta tashar da ke hannunsu ya biya kuɗin kwastan. Wannan tsari ya daɗe har sai da Farisawa suka kore su daga Baharain a 1602, suka haɗa kai da Turawan Ingila suka ƙwace Hurmuz a 1622, sannan Omanawa suka karɓe Maskat a 1650.

A ƙarshen ƙarni na goma sha bakwai sai ga wani sabon ayarin 'yan fashi, mafi yawansu Turawan Ingila da na garuruwan mulkin mallakarta a Amurka ta Arewa, waɗanda suka gane cewa dukiyar da ta fi ta tsibiran Karibiyan tana cikin jiragen da ke tashi daga Surat ta ƙasar Indiya zuwa Mokha da Jidda da alhazai da haja, su komo da zinariya da azurfa. Sukan taso daga New York ko Rhode Island, su kewaya kudancin Afirka, su yada zango a tsibirin Sainte-Marie kusa da Madagaska, inda wani Adam Baldridge yake sayar musu da albarushi da barasa a madadin attajiran New York, sannan su je su yi kwanton ɓauna a mashigin Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya. Thomas Tew ya buɗe wannan hanya da babbar ganima a 1693. Bayan shekara biyu, a watan Satumba na 1695, Henry Every, wanda ya samu jirginsa Fancy ta hanyar yi wa shugabansa bore, ya kama Ganj-i-Sawai, jirgin Sarkin Mughal Aurangzeb, yana komawa Surat cike da mahajjata. An ƙiyasta abin da aka kwashe tsakanin fam 325,000 da fam 600,000 na kuɗin wancan lokaci, kuma marubucin tarihin Mughal, Khafi Khan, ya rubuta cewa 'yan fashin sun shafe kwanaki suna azabtar da maza don su nuna inda suka ɓoye dukiya, suna keta mutuncin mata har wasu suka faɗa teku suka zaɓi mutuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sauya matsayin Ingila game da fashin teku. Hukumomin Mughal suka tsare ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya, wato kamfanin cinikin Ingila da aka kafa a 1600, a gidansu na Surat har tsawon watanni, cinikin kamfanin ya tsaya cik, kuma bai samu kansa ba sai da ya yi alkawarin raka jiragen alhazai da jiragensa masu igwa. Aka sa ladan fam 1,000 a kan Every, amma ba a taɓa kama shi ba, domin ya sayi kariyar gwamnan tsibiran Bahamas da wani kaso na ganimar kafin ya ɓace. Wanda ya biya bashin shi ne William Kidd, da ya fito da takardar Sarki William na uku da kuɗin manyan masu mulkin Ingila domin farautar 'yan fashi, ya ɓuge da kama jirgin Quedagh Merchant a watan Janairu na 1698, jirgin da fataken Armeniya suka yi haya, mai ɗauke da kayan wani babba a fadar Mughal. Kidd ya kafa hujja da cewa jirgin yana tafiya da takardun wucewa na Faransa, abokiyar gabar Ingila, sai dai takardun ba su bayyana a gaban kotu ba, kuma sai a farkon ƙarni na ashirin aka gano su a ma'ajiyar takardun gwamnati a Landan. An rataye shi a watan Mayu na 1701. Daga wannan lokaci Ingila ta fi samun riba a tsaron hanyar ciniki fiye da tare ta, sai ta juya wa 'yan fashinta baya. Yammacin Afirka ya ga ƙarshen wannan farauta a 1722, lokacin da jirgin yaƙi Swallow ya kashe Bartholomew Roberts a kusa da gaɓar Gabon ta yau, makonni kaɗan bayan mutanensa sun ƙone wani jirgin bayi a tashar Wida da bayin a ɗaure cikin sarƙa. An rataye mutanensa 52 a Cape Coast, baƙaƙen fata fiye da sittin da aka samu a jiragensa kuwa aka sayar da su bayi ba tare da shari'a ba.

Da wannan tarihi a bayansa Kamfanin Gabashin Indiya ya fuskanci Tekun Fasha a ƙarshen ƙarni na goma sha takwas. Rayuwar mutanen gaɓar Larabawa ta dogara ne ga teku kacokan, domin ƙasarsu rairayi ce mai ƙarancin ruwan sha. Daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba kusan duk namiji mai ƙarfi yana cikin jirgi ana nutson lu'ulu'u, a ƙarƙashin nakhoda, wato shugaban jirgi, wanda shi ma yawanci bashin wani attajiri ne a kansa, sauran watanni kuma a yi kamun kifi da jigilar dabino da dawaki da shinkafa tsakanin Basra da Maskat da Indiya. Arzikin mai mulki yana cikin jirage da mabiya, kuma mutanen da suka ji an matsa musu sukan kwashe iyalansu a jirage su koma wata gaɓa su kafa sabon gari. A irin wannan yanayi yaƙi tsakanin dangogi a teku ake yinsa, ƙwace jirgin abokin gaba kuma hanya ce ta yaƙi da kowa ya sani. Ƙawasimawa, masu mulkin Rasul Khaima da Sharja da Linga, suna ganin suna da haƙƙin karɓar kuɗi daga jiragen da ke ratsa ruwansu, kamar yadda fatake masu zuwa Gwanja suke biyan kuɗin fito da na hanya ga sarakunan da suke ratsa ƙasarsu, kuma suna cikin doguwar gaba da sarakunan Maskat a kan wannan ciniki. Da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da Maskat a 1798 domin toshe wa Faransa hanya, ya shiga rigimar a ɓangare ɗaya ko bai faɗa ba. Hare-hare a kan jirage masu tutar Ingila suka ƙaru, ciki har da kama jirgin Minerva da kisan da aka yi a cikinsa, gwamnatin kamfanin da ke Bombay ta aika rundunar da ta ƙone jiragen Rasul Khaima a 1809, ta sake aika sojoji kimanin 3,000 a ƙarƙashin Janar William Keir Grant, suka ci garin a watan Disamba na 1819. Turawa suka raɗa wa wannan yanki suna Gaɓar 'Yan Fashi.

Mutumin da ya fi kowa ɗaure sunan Katar da fashin teku, Rahma bin Jabir al-Jalahima, waɗannan rundunoni biyu ba su taɓa shi ba, kuma dalilin hakan ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi a Kuwait wajen 1760, cikin dangin Jalahima, ɗaya daga rassan ƙabilar Utub, waɗanda suka haɗa da Al Sabah na Kuwait da Al Khalifa da suka zauna a Zubara a arewa maso yammacin Katar. Jalahimawa sun taimaka wa Al Khalifa wajen cin Baharain a 1783, amma suka ga rabon da aka ba su bai kai wahalarsu ba, suka fice cikin fushi, daga bisani Rahma ya kafa sansaninsa a Khor Hasan, wurin da ake kira Khuwair a yau, ɗan nesa kaɗan da Zubara. Sauran rayuwarsa, wajen shekara arba'in, ta ƙare ne a kan buri ɗaya, wato karya Al Khalifa, kuma duk wanda zai taimaka masa a kan haka abokinsa ne har zuwa ranar da amfaninsa ya ƙare. Ya haɗa kai da daular Saudiyya ta farko, ya gwabza da jiragen Baharain a yaƙin Akhkikira a 1811, inda ya sha kashi ya tsira da ƙyar, sannan ya koma Dammam ya gina ganuwa. A 1816 ya juya ga sarkin Maskat, Saudiyyawa suka rushe masa ganuwar, ya kwashe iyalai kimanin 500 ya haye zuwa Bushahar a gaɓar Farisa, kuma bayan sojojin Ibrahim Basha na Masar sun karya daular Saudiyya a 1818 ya komo Dammam.

A Bushahar ne matafiyin Ingila James Silk Buckingham ya gan shi ido da ido a 1816, ya bar bayanin da har yau ake dogara da shi: mutum ne ramamme, jikinsa duk tabon takobi da mashi da harsashi, idonsa ɗaya ya mutu, hannunsa ɗaya kuma harbin igwa ya farfasa ƙashinsa har gutsattsarin suka fita, aka naɗe wurin da azurfa domin ya riƙu. Tufafinsa ba su bambanta da na mabiyansa ba, mabiyan nan kuwa Buckingham ya ƙiyasta su kimanin dubu biyu, da yawansu bayi ne 'yan Afirka waɗanda yake da ikon rai da mutuwa a kansu. Jiragen Baharain da na Kuwait da na Basra da na Farisa duk sun ɗanɗana kuɗarsa, kuma an san shi da kashe waɗanda ya kama ba tausayi. Duk da haka razdan na Ingila da ke Bushahar, wanda shi ne wakilin kamfanin a Tekun Fasha gaba ɗaya, yana karɓarsa a gidansa, likitan Turawa yana duba masa hannu, domin Rahma ya kiyaye ƙa'ida ɗaya tak: bai taɓa jirgin da ke ɗauke da tutar Ingila ko takardarta ba. J. G. Lorimer, jami'in da ya tsara babban kundin tarihin yankin wanda aka buga a asirce a 1908 da 1915, ya amince cewa mu'amalar Rahma da Ingila ba ta da aibi, kuma yawancin hare-harensa yana yin su ne da sunan yaƙi halattacce. Wannan ya nuna ƙarara cewa ma'aunin da Bombay take aiki da shi shi ne tutar jirgin da aka tare, yawan jinin da aka zubar kuwa yana bayan wannan.

Ƙarshensa ya zo a ƙarshen shekarar 1826, bayan sulhun da razdan ya shirya tsakaninsa da Al Khalifa a 1824 ya wargaje. Ya tsufa, ganinsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, jiragen Baharain suka rutsa da shi a kusa da Dammam a cikin jirginsa Ghatrusha, jirgin Shaihu Ahmad bin Salman ya manne da nasa aka yi ta sara da suka. Da ya tabbata za a kama shi, sai ya ɗauki ƙaramin ɗansa mai shekara takwas, ya sa aka kai shi rumbun albarushi, ya cinna wuta, jirgin ya tashi da shi da duk wanda ke ciki. Mutanen Katar ba su manta da shi ba, kuma marubucinsu Abdul'aziz al-Mahmud ya gina littafinsa na ƙagaggen labari Al-Ƙursan, wanda ya fito a 2011, a kan rayuwarsa.

Yarjejeniyar da Ingila ta sa shugabannin gaɓa suka sa wa hannu a watan Janairu na 1820, bayan faɗuwar Rasul Khaima, ita ce ta mai da wannan ma'auni doka. Ta ce yaƙi halattacce shi ne wanda gwamnati ta shelanta a fili a kan wata gwamnati, duk wani hari da ba haka ba kuwa fashi ne, mai yinsa maƙiyin 'yan Adam ne, ransa da dukiyarsa sun halatta. Ta wajabta wa jiragen Larabawan da suka shiga cikinta ɗaga jar tuta mai farin gefe, irin wadda masarautun Sharja da Rasul Khaima suke riƙe da ita har yau, da ɗaukar takardar rajista mai bayyana sunan jirgi da girmansa da takardar barin tasha mai bayyana nakhoda da yawan mutane da makamai da inda aka nufa, su nuna wa duk jirgin Ingila da ya tambaya. Kamanninta da kartaz na Turawan Fotugal ba ɓoyayye ba ne. Akwai kuma sashe na tara, wanda ya sa ɗebo bayi daga gaɓar Afirka a cikin jirage cikin ayyukan fashi, kuma mai fassarar yarjejeniyar, Kyaftin Perronet Thompson, wanda ya taɓa yin gwamnan Saliyo, shi ne ya tsaya a kan a shigar da shi, ko da yake an daɗe ba a aiwatar da shi ba, bauta kuma ba a soke ta a Katar ba sai a 1952. Rahma bin Jabir ya ƙi sa hannu. Sarakunan Baharain suka sa a watan Fabrairu, kuma da yake Ingila tana ɗaukar Katar a matsayin yankin Baharain, sai aka ƙidaya mutanen Bidda cikin waɗanda dokar ta hau kansu ba tare da an nemi wani daga cikinsu ba.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1821, jirgin kamfani mai suna Vestal ya buɗe wa Bidda wuta a matsayin horo kan fashin da aka ce wasu mazauna garin sun yi, garin ya rushe, mutane tsakanin 300 da 400 suka tsere zuwa tsibiran da ke tsakanin Katar da Abu Dabi. A watan Janairu na 1823 razdan John MacLeod ya ziyarci wurin, ya tarar mutanen ba su san abin kirki game da yarjejeniyar ba, jiragensu ba su da tutar da aka wajabta, ba su da rajista. Ma'ana, an hukunta gari guda da igwa a kan dokar da ba a kai masa labarinta ba, kuma shaidar hakan ta fito ne daga bakin jami'in Ingila kansa.

Ruwan igwa na biyu ya zo ne bayan razdan Samuel Hennell ya shirya tsagaita wuta ta wata shida a 1835 domin lokacin nutson lu'ulu'u ya wuce lafiya, tsarin da masu jirage suka yi maraba da shi, aka yi ta sabunta shi har ya zama na dindindin a 1853, sunan yankin kuma ya koma Gaɓar Sulhu, wadda ita ce Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yau. Waɗanda suka ƙi wannan tsari suka riƙa fakewa a lungunan ruwan gabashin Katar, musamman Khor al-Udaid, inda ruwa ba shi da zurfin da babban jirgin yaƙi zai shiga. Fitacce a cikinsu shi ne Jasim bin Jabir, wanda ake wa laƙabi da Raƙraƙi, kuma aka zargi Bidda da ba shi masauki da kasuwar sayar da ganima. A watan Fabrairu na 1841 jiragen yaƙi suka tsaya a gaban garin, har da Sesostris mai injin tururi, alamar cewa zamanin filafilai ya kama hanyar ƙarewa, aka nemi shugaban garin, Salimin bin Nasir na ƙabilar Sudan, wadda ƙabilar Larabawa ce da ba ta da alaƙa da ƙasar Sudan, ya biya tarar dala 300 ta azurfa, irin dalar nan mai hoton Maria Theresa da ta yi yawo har kasuwannin Kano da Kukawa. Ya ce ba shi da hannu a aikin Raƙraƙi. Ranar 26 ga watan aka harba igwa a kan ganuwa da gidaje, ya sallama, kuma da kuɗin hannu ba su isa ba sai aka cika da awarwaron azurfa da 'yan kunne da wuƙaƙe da aka tattaro daga gidajen mutane. Mai karatu a ƙasar Hausa zai gane wannan hujja ta ba mai laifi mafaka, domin da ita Lugard ya yi amfani bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi, aka kuwa ci Kano da igwa a watan Fabrairu na 1903.

Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan yadda za a auna wannan zamani. Marubutan mulkin mallaka, daga Lorimer har zuwa Charles Belgrave, wanda ya yi wa sarakunan Baharain mashawarci daga 1926 zuwa 1957, sun ɗauke shi a matsayin labarin yadda Ingila ta kawo zaman lafiya cikin ruwan da ya gagari kowa. A 1986 Sarkin Sharja, Shaihu Sultan bin Muhammad al-Ƙasimi, jikan waɗanda aka zarga, ya buga littafi da ya gina a kan takardun gwamnatin Bombay, inda ya kafa hujja cewa kamfanin ya zuzuta zargin fashin ne domin ya raba Larabawa da cinikin Indiya, kuma an jingina wa Ƙawasimawa hare-haren da wasu suka kai. Hujjarsa tana da ƙarfi a wurare da yawa, amma ba ta share gawarwakin ba, domin matuƙan jirage 'yan Indiya da aka yanka a Minerva da fataken da Rahma ya kashe mutane ne na gaske, kamar yadda mahajjatan Miri da na Ganj-i-Sawai suke. Adalcin da tarihi zai iya yi shi ne ya auna duka da mudu ɗaya, ya kuma lura cewa ɓangare ɗaya ne ya rubuta dokar, ya yi alƙalanci, ya zartar da hukunci, ya kuma ajiye takardun. Ingila kanta ba ta haramta ba masu jirage lasisin ƙwace ba sai a Sanarwar Paris ta 1856, shekara 35 bayan Vestal ya rushe Bidda. Da yawa daga takardun nan yanzu suna buɗe ga kowa a intanet ta Laburaren Dijital na Katar, wanda Gidauniyar Katar da Laburaren Birtaniya suka ƙaddamar a 2014, inda mai bincike zai ga wasiƙun shugabannin gaɓa da Larabci a gefen fassarar da jami'ai suka yi musu.

Wannan dokar teku da aka rushe Bidda da ita, ita ce kuma daga baya ta fitar da Katar daga ƙarƙashin Baharain. A watan Oktoba na 1867 Sarkin Baharain Muhammad bin Khalifa, tare da Shaihu Zayid bin Khalifa na Abu Dabi, suka auka wa Doha da Wakra ta teku, suka washe su, suka kori mazaunansu. Ƙabilun Katar suka kai harin ramuwa a watan Yuni na 1868, aka yi mummunan yaƙin da aka ƙiyasta ya cinye jirage 60 da rayuka kimanin 1,000. Razdan Lewis Pelly ya iso da jiragen yaƙi a watan Satumba, ya ɗora laifin karya zaman lafiyar teku a kan Sarkin Baharain, ya rushe ganuwarsa ta Muharraƙ, ya ƙone jiragen yaƙinsa, aka naɗa ɗan'uwansa Ali a madadinsa aka kuma ci ƙasar tara mai nauyi. Daga nan ya wuce Wakra, inda ranar 12 ga Satumba 1868 Shaihu Muhammad bin Thani ya sa hannu a takardar alkawarin cewa zai koma Doha ya zauna lafiya, ba zai fita teku da niyyar yaƙi ba, kuma duk saɓanin da ya taso zai kai shi gaban razdan. Harajin da ake kai wa Baharain bai tsaya nan take ba, amma wannan ne karo na farko da Ingila ta ƙulla magana kai tsaye da wani shugaba a madadin mutanen Katar, kuma zuriyar Muhammad bin Thani ce ta sa hannu a yarjejeniyar kariya ta 1916, ta karɓi 'yancin kai a 1971.